Sunan da Bai Shiga Bakin Inna Ba

A gidanmu na Affala kowa yana da suna a bakin Inna ban da ni. Ni ce 'yar fari, kuma matan Adar na zamanin Inna ba su kama sunan ɗan fari ko da wuta ce ta kama masa riga. Ina ƙarama, idan tana son in miƙo mata ludayi sai ta ce, "Ke." Idan ina nesa sai ta dubi ɗaya daga cikin ƙannena ta ce ya gaya wa waccan ta zo. Akuyarmu ma tana da suna, Inna ce ta sa mata, kuma tana kiranta da shi safe da yamma har da lallashi. Da na gama karatu aka ba ni aji a wata lakwal, wato makaranta, ta cikin Tawa, sai aka yi mini ƙarin girma: na tashi daga "waccan" na koma "ta Tawa". A nan nake har yau.

Ba wai ban san dalili ba. Kunya ce, kowa ya sani, kuma ban taɓa shakkar cewa Inna tana so na ba. Ranar layya kasona yakan fi na kowa tsoka, sai dai ta hannun wani zai iso gare ni. Da na yi ciwon baƙon dauro ita ta kwana a kaina, amma da maƙwabta suka zo dubiya sai ta koma bakin murhu kamar ba ta san wa ke kwance ba. Duk wannan na sani. Amma ni mutum ce mai riƙo, kuma abin da aka hana ni shi ke tsaya mini a rai. Na girma ina son in ji sunana sau ɗaya daga bakin matar nan, ko da cikin faɗa ne.

Wataƙila shi ya sa na zama mayyar sunaye. Aji a Tawa kasuwa ce. Ga 'ya'yan manoman da suka shigo gari, ga 'ya'yan ma'aikatan da aka turo daga gabas da yamma, ga na 'yan arewa masu jin Tamashek a gida. Kowane farkon shekara nakan ba 'yan ajina aiki guda da ba ya buƙatar alli: kowa ya je gida ya tambayo ma'anar sunansa, da harshen da sunan ya fito. Maza sukan manta. 'Yan mata kuwa sukan dawo da labari cike da baki. Wata 'yar Buzaye ta ce nata barewa yake nufi, ajin ya kwashe da dariya don ita ce mafi nauyin jiki a cikinsu. Wata Bafulatana ta ce nata ba ya nufin komai sai cewa ita ce mace ta uku a ɗakinsu, tana faɗa tana tura baki. 'Yar wani tela ɗan Togo ta ce sunanta ranar da aka haife ta ne, na ce mata ashe ku ma kuna da su Ladi da Talatu, ta yi mamakin yadda muka sace musu dabara.

Sauran ni nake cika musu, da abin da na tsinta a littattafai da bakin malamai. Nakan gaya musu cewa Saratu ya girmi Larabci a bakin mutane, daga Ibrananci ya zo, kuma gimbiya yake nufi. Zainabu wata itaciya ce mai ƙamshi. Fatsima mai yaye ce. Hadiza kuwa bakwaini, kuma duk shekara sai an samu wadda za ta yi fushi da ni kwana biyu a kan wannan. Akwai wani sunan Faransawa da ya fito daga Girkanci, ma'anarsa lu'ulu'u, yaran sukan ce Nasara ma ashe aro suke yi. Na gida kuwa ba ya buƙatar littafi. Kande ta biyo maza, Azumi ta zo cikin azumi, Auta ta rufe ƙofa.

Nawa sunan Larabci ne, irin wanda rabin matan Adar ke ɗauke da shi. Ma'anarsa mai rai, wadda take raye. Na faɗi wannan ma'ana gaban yara shekara da shekaru, ina murmushi, alhali wadda ta haife ni ba ta taɓa furta shi ba.

Ni maza Allah ya ba ni, ban samu mace ba. Don haka ranar da ƙanena, wanda ke zaune da Inna a Affala yana noma, ya kira ni a salula ya ce matarsa ta sauka, an samu mace, kuma sunana zai sa mata, sai da na zauna a bakin gado. Na yi murna irin ta kowace gwaggo da aka yi wa takwara. Amma a ƙarƙashin murnar wani lissafi ya taso mini, kuma ban kore shi ba. Tsakanin kaka da jika babu kunya. Inna tana kiran sunayen jikokinta tana ja musu wutsiya, tana haɗa su da zagin wasa. To ga jika ta zo da sunana. Na ce a raina, bari mu ga ta inda tsohuwa za ta ɓulle.

Akwai hanyar ɓullewa, kuma kowa ya san ta. Idan aka sa wa yarinya sunan wata babba a gida, sai kaka ta laƙa mata wani na kira, a ajiye na yanka don lakwal da ɗaurin aure. Wannan haƙƙin kaka ne, ba a yi mata shisshigi.

Ranar suna da safe maza suka yi nasu, aka raɗa, aka yanka rago, wanzami ya yi aski. Da rana mata suka cika tsakar gida. An kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙe, gero ya kai ƙugu a bayan gari. Aka miƙa wa Inna jaririya. Ta ɗora ta a cinya, ta buɗe mata fuska, ta daɗe tana kallonta, mata suka yi tsit don sun san abin da ke tafe. Inna ta fara cewa wagga da ta zo cikin malka, wato tsakiyar ruwan damina, sai na tari numfashinta.

Na ce, "Inna, wagga kam a bar ta da sunanta. Don shi anka yanka rago."

Wasu suka yi dariya, wata tsohuwa ta ce 'yan lakwal ba su da ta ido. Ni ma na yi dariya, na ƙara da bayanin ma'anar sunan, yadda nake yi a aji, kamar wani ya tambaye ni. Inna ba ta dube ni ba, da ma ba ta saba ba. Ta rufe wa jaririyar fuska, ta mayar wa uwarta, ta ce, "To." Na san "to" ɗin Inna. Amma kaɗe-kaɗe suka tashi, na bar abin ya bi ruwa.

Ƙanena da matarsa suka ɗauki maganata da gaske. Shi da bai taɓa kiran sunana ba don ni yayarsa ce, sai ga shi yana kwaɗa wa 'yarsa kira da shi daga ƙofar gida. Yaran unguwa suka ɗauka. Sunana ya cika gidan da na girma ba a jin sa, kuma ba zan ɓoye ba, hutun farko da na je na ji daɗi. Bakin Inna ne kawai bai buɗe ba. Inna ta dubi jikarta ta ce, "Ke."

Abin da ban sa a lissafina ba shi ne hannu yana bin baki. Yaron da ba ka iya kira ba ka iya tsokanarsa. Inna takan kama sauran jikokin ta ce wannan ɓarawon goronta ne, wancan mai kan tulu, ta rera sunan kowa cikin waƙar da ta ƙirƙira masa. Takwarata kuwa ana yi mata wanka, ana ba ta fura, ana gyara mata kitso, duk cikin shiru. Idan Inna za ta yi aike sai ta kira wanda take iya kira, shi zai samu ladan dabino. Yarinyar tana rarrafe ta bi 'yan uwanta zuwa tabarmar kaka, tana tafiya ta koma tsayawa a gefen tabarmar, daga baya ta daina zuwa sai an tura ta. Kowane hutu ina ganin wannan da idona. Na san tsayuwar nan, na san yadda ake riƙe gefen riga ana jira a ce da kai wani abu. Abin yakan ci ni, sannan in hau mota in koma Tawa in ce wa kaina da ta yi wayo za a daidaita.

Sau ɗaya na aika matar ƙanena ta ce wa Inna ta laƙa wa yarinyar duk sunan da ta ga dama, na janye maganata. Amsar da ta kawo mini gajera ce. Inna ta ce mai abu ta hana gaban mutane.

Da ta isa shiga lakwal sai uban ya kawo mini ita Tawa, yadda ake ba takwara riƙo. Yarinya ce mai shiru, mai kallo, ba ta tambayar abu sai ta gama juya shi a ranta. Shekarar da ta shigo ajina na ba da aikin nan nawa na sunaye ba tare da na yi tunanin komai ba. Washegari ta miƙe ta faɗi ma'anar nata daidai yadda na koya mata a gida, na ce a tafa mata. Sai dai a wannan shekarar, ban san me ya kai ni ba, duk wadda ta yi bayani sai na tambaye ta wa ya gaya mata. Kakata, kakata, kakata. Wata har ta rera mana waƙar da kakarta ke yi mata da sunan, ajin ya ɗauka da tafi.

Da aka tashi muka kamo hanyar gida a ƙasa. Mun zo daidai masu sayar da albasa ke nan, ina tunanin cefane, ta ja mini mayafi.

"Gwaggo, sunanmu zagi na?"

Na tambaye ta wa ya ce mata haka.

"Ba kowa. Kaka ba ta hwaɗinai. Ko akuya tana kiran sunanta."

Na tsaya a bakin hanya, masu babur suna kauce mana. Wata akuya ce daban, ta zamanina ta daɗe da shiga tukunya, amma yarinyar nan ta lura da abin da na lura da shi ina kamarta. Na durƙusa na yi mata bayani irin na malamai. Na ce kunya ce, ni ce 'yar fari, uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, kuma wannan girmamawa ce, ba ƙiyayya ba. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "To ke ta ka ji ma kunya. Ni mi niy yi mata?"

Na saya mata ƙosai, abin da babba ke yi ke nan idan yaro ya kayar da shi. A ranar na ji nauyin abin sosai. Ni na so in ji sunana, sai na ɗana wa uwata tarko da jaririya, tarkon kuma ya kama jaririyar. Ni aƙalla an ba ni matsayin 'yar fari a madadin shirun. Ita ba a ba ta komai ba, sai sunan wata da kunyar wata.

Hutu na gaba ya zo daidai da girbi, muka tafi Affala. Mun tarar da gida cike da damman gero, Inna a inuwar rumbu tana ɓare wake a faifai. Ta ƙara tsufa, idonta ya fara hazo, amma bakin yana nan. Da hantsi aka dama fura. Ta shiga kiran jikoki ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da zaginsa, kowa ya zo ya karɓi ludayi. Da aka zo kan takwarata sai ta miƙa ƙwarya ta ce, "Ke, zo ki amsa."

Yarinyar ba ta motsa ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta tura baki ba, tana tsaye a jikin rumbu tana kallon ƙasa. Uwarta ta daka mata tsawa daga madafa, ba ta ɗaga kai ba. Inna ta daɗe riƙe da ƙwaryar a sama, sannan ta ajiye. Aka kori yara waje, uwar ta ja tata ɗiya zuwa ɗaki tana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa.

Na ɗauko kujera 'yar tsugunne na zauna kusa da Inna, ba gabanta ba, gefenta, don mu biyu ba mu taɓa iya magana ido cikin ido ba. Na ja faifan na shiga taya ta ɓarar wake. Tun da nake ban taɓa ɗaga mata maganar suna ba, kuma harshena ya yi nauyi kamar ba ni ce mai surutun aji ba. Na gaya mata abin da yarinyar ta tambaye ni a hanya, kalma da kalma, har da akuyar.

Hannunta ya tsaya. Ta ce tana da suna da ta tanadar wa yarinyar tun ranar aski, yana nan ba ta ba kowa ba. Na ce na sani, kuma da na bar ta ta faɗe shi a ranar da duk wannan bai faru ba. Amma yanzu yarinyar ta yi wayo, ba laƙabi take jira ba. Nata take so, wanda ake kiran ta da shi a ko'ina. Na ce ba don ni ba. Na faɗi haka, kuma ina jin a karon farko gaskiya ce.

Muka ci gaba da ɓara, kaji suna zagaye mu, har waken da ke faifan ya kusa ƙarewa. Na fara tunanin na sake samun wani "to" ɗin ne. Can sai Inna ta kakkaɓe zanenta ta yi magana tana kallon rumbu.

"Ta Tawa, tashi ki tahi bayan kasuwa ki amso min man gyaɗa wajen tsohuwar nan. Kak ki yi gaugawa, rana na da zahi."

Akwai mai sayar da man gyaɗa a gidan da ke jikin namu. Kuma ni da kaina na kawo mata galan guda daga Tawa, yana bayan ƙofarta ko buɗe shi ba a yi ba. Na gane. Na ɗauki mayafina da kwalba na nufi ƙofa.

Dangar gidanmu ta kara ce, ana jin tarin mutum daga waje. Da na fita na tsaya a jikinta. Abin da na nema tun ina 'yar ƙarama yana bayan karan nan, ba abin da zan yi sai in yi shiru in jira. Ba wanda zai sani. Na ji Inna ta ce wa matar ƙanena ta sako yarinyar ta koma aikinta. Na ji ta gyara murya, ta sake gyarawa, kamar mai shirin haɗiye magani. Sai na tuna Inna kunnenta ya fi idonta, kuma idan ta ji motsina a bayan danga ba za ta sake buɗe baki ba har abada, yarinyar ce kuma za ta sake biya. Na ja takalmana da ƙarfi a ƙasa don ta ji tafiyata, na bi hanyar kasuwa.

Na daɗe. Na gaisa da duk wanda na sani da wanda ban sani ba, na zauna wajen mai man har ta fara tambayata ko lafiya. Da na dawo na tarar da takwarata zaune a kan ƙafafun Inna, fura har a haɓarta, Inna tana ce mata mai kunnen zomo, wadda ta ƙi furar mutane sai an roƙe ta. Na ajiye kwalbar a bakin ƙofa kusa da galan. Ba wanda ya dube ta.

A motar komawa Tawa, muna matse tsakanin buhunan gero, yarinyar ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ce Kaka ta faɗi sunan, kuma ba sau guda ba. Ta ce ba ta faɗinsa yadda sauran mutane ke faɗi, akwai yadda take jan ƙarshensa. Sannan ta ce, "In gwada miki?"

Na so. Allah ya sani na so. Na ce mata ta bari sai mun isa gida. Da muka isa ta manta, ni kuwa ban manta ba, amma ban tuna mata ba. Na riga na ci rabona a cikin sunan nan, na ci har da nata na shekaru.

Matar ƙanena ta gaya mini yanzu sunan ba ya barin bakin Inna idan yarinyar ta je hutu, har sauran jikokin sun fara ƙorafi. Sai dai duk ranar da nake gidan, sunan yakan ɓace, a koma "ke". Don haka na rage kwanakin da nake yi a Affala, nakan kai ta in juyo, in koma ɗaukarta idan hutu ya ƙare. Kuma na koyi yin sallama tun daga nesa.

Zuwana na ƙarshe na sauka a mota da la'asar, na biyo ta bayan gida da kayana a ka. Ina zuwa jikin danga na ji muryar Inna daga ciki, ta ɗaga ta irin ta mai kiran yaron da ke nesa, ta ja numfashi za ta fara. Na kwaɗa sallama da duk ƙarfina, har kajin maƙwabta suka watse. Ciki ya yi shiru.

Sai Inna ta amsa, ta ce, "Ta Tawa ta. Ku amshi kayanta."